Ƙoƙuna Uku

Sun ba ni ɗaki a bayan tashar yanayi ta Tawa,
da kwali tara na tsofaffin rajista,
suka ce: kwashe lissafin nan ki zuba a na'ura
kafin gara ta sauke karatunta.

Na fara da shekarar da ba a haifi uwata ba.
Hannun Mushe Tankari ne, tsaye kamar karan dawa,
bakwai ɗinsa da ɗamara a ƙugu.
Sau takwas a yini yakan fita
ya dubi ƙoƙuna uku bisa sandar ƙarfe,
ya rubuta abin da suka ce:
shida, bakwai, shida, tara.
Har ƙarfe ukun dare, da fitilar ƙwai a hannu.

Bayansa Arzika mutumin Illela, mai shuɗiyar tawada,
wanda ke zana ɗan tsuntsu a gefen shafi
duk ranar da albashi ya sauka.
A hannunsa shida ta koma biyar.
Ban lura ba.
Wa ke jin ƙwaya guda in ta fita daga tiya?

Akwai watan da babu komai,
shafi fari fat, sai layi ɗaya a ƙasa:
"Zanzaro ya yi gini a wuyan ƙoƙon."
Akwai kwana goma sha ɗaya na wata damina
da baƙon hannu ya cike,
sifili, sifili, sifili,
ban sani ba ko iskar ce ta kwanta
ko mai aikin.

Wata huɗu ina bugawa.
Ranar da na ce wa na'ura ta ja mini layi
sai ga shi ya gangaro a hankali,
kamar dattijo mai sauka daga tudu
da ba ya so a ga yana dafa gwiwa.
Shekara arba'in.
Can ƙarshe kuma, wutsiyar ta ɗan ɗaga,
kamar ya ji an kira sunansa.

Na kai takardar gida.
Kakata Tsahara ta riƙe ta ƙafa a sama, ta ce:
"Wannan ne ya ci miki wata huɗu?
Da kin tambayi ƙwaryata.
Muna 'yan mata a masussukar Kalfu
ɗaga hannu kawai muke yi,
ƙaiƙayi ya kama hanyar Ƙwanni ba sallama.
Daga baya sai mu tsaya da hatsi bisa kai,
wuya na ciwo,
muna jiran iska kamar mai bin bashi."
Na ce bara fa? Ta ce, "Bara ta zo da fushi,
ta ɗauke rufin Nomau, ba ta shiƙe wa kowa komai ba."

Shugabana ya ce kar in yi saurin baki.
Zamanin Tankari tashar na tsakiyar fili,
yau bedi ya kewaye ta, ga katanga, ga benaye,
an sauya ƙoƙunan sau biyu,
an taɓa ƙara wa sandar tsawo ba a rubuta ranar ba.
Wataƙila iskar ba ta tsufa ba,
gari ne ya tsaya mata a ƙofa.
Ya ce, rubuta: ba mu tabbatar ba.
Na rubuta. Gaskiya ce.
Ta kakata ma gaskiya ce.

Yanzu ba mai fita da fitila.
Sandar na aika lissafinta Yamai da kanta,
babu tsuntsu a gefe, babu hamma.
Amma jiya bayan la'asar na tsaya gindinta.
Ƙoƙunan suka juya, suka yi jinkiri,
suka tsaya cak,
ɗaya na kallon gabas kamar kunne.
Na jiƙa yatsa na ɗaga.
Na daɗe a haka.
Mai gadi ya ce, "Malama, lafiya?"
Na ce, ina jiran wata ce,
ta saba wucewa ta nan.