Ƙafafun Tanimu Tela

Bayan la'asar waya ta yi ƙara,
ina tsakiyar kafa wuyan riga a shagona na Dilimi.
Muryar mace: Likita Kangyang ce daga Lamingo,
takardar da ka cike ta iso teburina.
Kana da minti goma?
Na ɗaga ƙafa daga keke, na ce akwai.

Ta ce, faɗa min yadda abin yake.
Na ce, likita, ba ciwo ba ne.
Ba ƙaiƙayi ba ne, don farce ba ya kai masa.
Kamar kiyashi sun yi gari a ɓargon ƙwaurina,
kowa da kayansa a ka, ba mai zama.

Yaushe yake zuwa?
Sai na kwanta. Sai unguwa ta yi tsit,
janareton maƙwabci ya mutu.
Da rana ina taka keke, ba ruwansa da ni.
In ka tashi ka yi tafiya fa?
Sai ya sake ni, kamar ɓarawo ya ji tari.
In na koma shimfiɗa, yana nan yana jira.
Lantana ta raba mana bargo tun bara,
ta ce ta gaji da mai ɗinki cikin barci.

Jijiya tana ɗaurewa? A'a.
Ƙafa tana mutuwa? A'a.
Ina jin biro yana tafiya a takardarta,
ruwan sama na dukan tagarta
tun kafin ya iso kwanonmu.

Sai ta ce, a gidanku akwai mai irinsa?

Na yi shiru har ta ce, kana ji na?

Inna Tabawa.
Shekara talatin tana zagayen tsakar gida a Bukuru,
daga rijiya zuwa murhu, daga murhu zuwa rijiya,
har zakara ya yi cara.
Aka ce iska ce.
Wasu suka faɗi wadda ta fi haka muni,
suka hana 'ya'yansu sayen ƙosanta.
An yi turare, an sha rubutu.
Har ta rasu ba wanda ya tambaye ta yaushe yake zuwa.

Likita ta ce abin yana da suna,
ta faɗe shi da Turanci, ya fi ƙarfin bakina.
Ka zo ran Talata mu auna jininka,
ka rage goro da shayin dare.

Ta kashe waya. Ruwan ya iso.
Na mayar da ƙafa kan keke, ban taka ba,
ina kallon babban yatsana,
karkatacce irin nata.