Mabuɗin da Bakina Ba Ya Faɗa

Shagona na nan bayan Kasuwar Dole,
tsakanin tela da mai sayar da ƙanƙara.
Allo a ƙofa: ANA BUGA TAKARDU.
Rabin harufan rana ta lashe.

Injina daga Kano ya zo, cikin kwalin taliya,
tsohon hannu, mai tari in ya yi zafi.
Inda yatsana ya saba samun A
sai na tarar da Q zaune, ya miƙe ƙafa.
Wata uku muna gardama kafin muka shirya.

Lanƙwasa kuwa, a ɗakina kaɗai take rayuwa.
Na buga wa Malam Barma "gidan baƙi",
ya kai wani shago a fiddo masa a takarda,
can ƙ ta koma ɗan akwati fayau,
yaron ya cike ramin da k.
Malam ya dawo yana huci:
"Ni gidan baki na buɗe? Surutu nake sayarwa?"

Ran Laraba wata ɗalibar jami'a
ta miƙo kile, shafi tamanin a ciki.
Na soka ba bisimilla.
Kafin la'asar kowane dosiye ya koma inuwar kansa,
ka danna, ƙofa ce zane a jikin bango,
babu ɗaki a bayanta.

Na hau kabu-kabu zuwa Zengo,
injin a cinya kamar mai zuwa asibiti.
Mutari na taunar aya, bai ko ɗago ba:
"Inna, mene ne mabuɗin?"

Mabuɗi.

Ciki akwai bashin Alhajin da ke raba shinkafa a ƙofar gida.
Akwai sakamakon jinin wani malamin lakwal.
Akwai gonar da aka sayar, ƙanne ba su sani ba.
Akwai wasiƙar Cima zuwa ɗanta a hamada,
layin da ta ce "goge wannan" tana share ido,
na goge a takarda,
injin bai goge ba.

Kuma mabuɗin sunan ɗana ne na fari.
Shekara ashirin da biyu bai taɓa hawa harshena ba,
"wannan yaron" nake cewa, ko "mai sunan Baba".
Na ɗauka kalmar da bakina ba ya faɗa
ai ta fi kwaɗon ƙarfe tsaro.

Na ari biro, na rubuta a bayan rasit,
na tura masa a kife.
Ya juya, ya karanta, ayar ta kusa shaƙe shi:
"Inna, tare muke ƙwallo da shi!
Ɓarawo da wannan zai fara."

Ashe abin da na binne a ƙirji
kullum yamma ana kiransa a fili:
a ba shi, a ba shi, ya buga!

Na zauna a kan benci, ban tafi ba.
Ba allon nake kallo ba, ƙwayar idonsa,
ko za ta tsaya, ko za ta bi layi.
Kuran ya ɗauke. Muka jira. Ya dawo.
Ya sake ɗaukewa, aka kira magariba.
"Ki bar shi ya kwana."

Ya kwana. Ni ban kwana ba.

Da safe komai na nan, har shafi tamanin ɗin.
Jikka uku, ya rage min ɗari biyar.
Ya ce sabon mabuɗi sai an gauraya:
harafi, lamba, alama, kamar kayan miya.
Na haɗa wanda ni kaina sai na yi tunani.

Jiya na hange shi a bakin kasuwa
ya rusuna yana gaida Alhaji.
Gaisuwa ce dai irin ta kowa.
Sai dai ta ɗan yi tsawo,
ko kuwa idona ne.