Shingen da Ya Ƙi Zama Shinge

Shekarar da babana Baltasar da ƙanensa Teodoro
suka raba gonar kakanmu a tudun Matiguas,
da igiya suka raba ta,
kowa riƙe da bakinsa, ba mai duban idon wani.

Washegari baba ya wasa adda.
Ya ce sai wata ya fara ramewa,
reshen da aka sara da farin wata, gara ce magajiyarsa.
Muka sari madero, sanda ɗari da goma sha ɗaya,
kowace ta ɗara ni tsawo,
kauri kamar wuyan hannun mai tatsa.
Kwana takwas suna jingine a inuwa.
Ni ke haƙa rami, kamu guda,
shi yana fiƙe gindi a karkace, yana cusawa,
yana take ƙasa da diddige kamar ita ta ɓata masa.
Waya mai ƙaya, layi uku.
Ya tofar da yawu ya ce an gama.

Ashe ba a gama ba.
Ruwan Mayu na sauka, sandunan suka buɗe ido,
tsiro nan, tsiro can, kore shar.
Da safe inuwa ta kwanta kan waken baffa,
da yamma ta juyo kan namu.
Saiwa ba ta san igiya ba:
masarar da ke gindin shingen, tamu da tasu,
ta fi ta tsakar gona duhun ganye.
Saniyarsu mai karyayyen ƙaho
ta miƙo wuya tana cin rabonta, ba sallama.

Rani na uku, cikin Fabrairu, ganye ya zube ƙaf,
na ɗauka itacen ya gaji da mu.
Sai fure ya rufe rassa tun daga hammata,
ja-ja mai hasken fari, zuma na guɗa a kai.
Inna na tsinka ta nan, Fidelina matar baffa ta can,
kwando biyu, shiru ɗaya.
Daren nan gida biyu suka soya fure da ƙwai,
iska ta kai wa kowa ƙamshin tukunyar ɗan'uwansa.

Kwanson ya bushe, tas! ya fashe da tsakar rana,
ya watsa iri hagu da dama, bai tambayi mai gona ba.

Lokacin sassabe, baba na kan tsani,
wani reshe ya rinjaya can ƙetare.
Ya ce wa itacen, ba wa kowa ba,
"Wannan ya yi nauyi."
Daga bayan ganye aka ce, "Riƙe, in sara."
Iyakar maganar ke nan a shekara huɗu.

Yanzu ni ke sassabe, su biyun suna ƙasa.
Ɓawon ya daɗe da haɗiye wayar.
Wani lokaci adda takan ci karo da ita a cikin itace,
ta yi ƙara, ta dakushe,
in zauna in wasa.