Gurbin Diddigen Belmiro

Da sassafe a Porto, kafin kogin Douro ya yaye hazo,
Graciete ta buɗe mini shagon ubanta.
Mukulli ya yi gardama sau biyu kafin ya yarda.
"Kofi zan riƙa sayarwa a nan," ta ce,
"ina son daɓen ya koma kamar ba a taɓa taka shi ba."

Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙorafin da suka saba.
Na ɓamɓare ledar da aka shimfiɗa tun ban yi furfura ba,
ta taso da ƙyar, kamar ɓawon miki.
Ga katako a ƙasa, baƙi ƙirin da gam da dauɗa,
majinyacin da aka janye wa bargo.

Aikin farko ba na inji ba ne.
Ƙusa ɗaya-ɗaya nake bi da guduma
ina nutsar da kanta cikin itace,
don guda ɗaya in ta ɗaga kai
ta isa ta yaga samfefar yini.
A tsagar katako na tsinci allura goma sha tara,
maɓallin ƙashi,
da guntun alli shuɗi na zana kafaɗar kwat.

Sai na tada injin.
Shekara talatin da ɗaya yana ruri a kaina,
har kunnen hagu ya yi murabus ya bar ni da na dama.
Ba a tsayawa da shi wuri guda, in ka tsaya ya ci rami.
Jijiyar itace ake bi, ba a gitta ta.
Ƙura ta shiga gira, ta shiga gurasar da na zo da ita,
sai ga launin zuma na leƙowa daga ƙarƙashin baƙi,
ƙamshin danƙo ya cika shagon:
itacen da aka sare kafin a haifi kakana
ya tuna dajinsu.

Kusa da taga injin ya tsallake wani wuri.
Na dawo, ya sake tsallakewa.
Na shafa da tafi, kwari ne, faɗin faranti,
gefensa tabo huɗu na ƙafafun keken ɗinki.
Nan diddigen Belmiro na hagu ya wuni shekara arba'in,
na dama yana bisa keke.

Na kira ta.
"Zan iya shafe shi," na ce,
"amma sai na ci ɗakin duka ya sauka zuwa zurfinsa.
Hannu uku sun kankare katakon nan kafin nawa.
Itace ba rijiya ba ne, da in an yashe zai ƙara kawowa.
Wannan ce kankara ta ƙarshe."

Ba ta tanka ba.
Ta tuɓe takalmi, ta sa diddige cikin kwarin.
Ya yi mata yawa.
A waje tsuntsayen teku na dambe a kan ƙayar kifi.
"Ko ranar da na gama makaranta bai zo ba," ta ce.
"Ashe ga inda yake."
Ta ɗan jima.
"Bar shi. Kada ka zaci yafewa na yi,
tebur zan ɗora a kai."

Da hannu na goge gurbin, a hankali,
yadda ake yi wa tsoho aski.
Na shayar da daɓen mai, ya shanye, na ƙara, ya shanye,
a na uku ya ce ya ƙoshi.
Na bi da kaki ina ja da baya
har dugadugaina suka taɓa dokin ƙofa.

Kwana biyu ba mai takawa, har ita.
Muka tsaya a titi muna leƙe ta gilashi kamar baƙi.
Hasken la'asar ya malalo sumul daga bango zuwa bango,
da ya iso taga, sai ya taru a kwarin ya kwanta.

Ta daɗe tana kallo,
sannan ta ce kuɗina sun yi yawa.