Ɗakin da Babu Allura

Shekara goma sha tara ina tuƙa kwale-kwale a Logon,
daga Kusuri in haye, in dawo da albasa da masu albasa.
Ruwan nan ya san tafin hannuna.
Sai wata Talata, bayan la'asar,
jirgi ya kife da mutum takwas.
Na fito da bakwai.

Tun ranar, ko butar alwala ta yi ƙara
sai gabana ya faɗi.
Na bar cin tarwaɗa. Barci ya bar ni.
Maiɗakina Hajjo ta ce iska ce.
Malam Bawuro ya yi rubutu, na sha, na gode,
zuciya ta ɗan yi sanyi,
amma da dare yaron yana nan,
da jar hularsa, a bayan fatar idona.

Ƙanena ya goya ni a babur zuwa asibiti.
Bayan ɗakin haihuwa akwai wani ɗaki:
kujera biyu, fanka mai ciwon wuya,
da wata Falmata, ko farar riga babu.
Na naɗe hannun riga ina jiran allura.
Ta ce, "Sauke, Baba Gwani. Nan baki ake kawowa."
Na ce a raina, kuɗin mai ya tafi a banza.

Mako uku ina ba ta labarin tsadar katako.
Ba ta katse ni ba.
A na huɗu sunan yaron ya kuɓuce mini.
Ashe akwai kogi a ƙirjin dattijo,
kuma shi ma yana ambaliya.

Ta ce tunani taru ne,
yana kamo kifi, yana kamo ciyawa da tsohon takalmi,
sai an zauna an tsince.
Na jawo mafi nauyi: "Ni na kashe shi."
Ta ce, "Ɗaga shi a rana mu duba.
Kai ka aiko guguwar?
Bakwai ɗin, wa ya nutsa ya ciro su?"
Ban amsa ba.
Da dare na rubuta tambayar da ajami
a bayan littafin lissafin ɗiyata.

Daga baya ta ce mu koma kogi, amma ba da gudu ba.
Ran farko daga kan gada kawai,
ina jan numfashi huɗu, ina sakin shida,
gwiwa na rawa kamar ta ɗan maraƙi.
Wani mako, bakin gaɓa.
Wani, ruwa zuwa idon sawu.
Akwai makon da na ƙi zuwa, na ce zazzaɓi ne.
Ta sani. Ba ta ce komai ba.

Ran Laraba mukan taru a inuwar dogonyaro,
ni da direban tirela da ya ga abin da ya gani a hanyar Waza,
da Inna Zara da ruwa ya cinye wa gida,
da tsohon soja da ba ya ba ƙofa baya.
Ba mai cewa wani, "Ka yi haƙuri mana."
Duk mun ƙoshi da wannan tuwon.

Direban, likitan Marwa ya haɗa masa da ƙwaya.
Na yi ƙorafi, ni ina tawa?
Falmata ta yi dariya:
"Kai da ka san jirgi?
Wata ɓula tsumma da kwalta,
wata sai sabon katako."

Ban ce na warke ba.
Jiya dai na ɗauki mutum huɗu da akuya.
A tsakiyar ruwa yaron ya zo, da hularsa.
Hannuna ya yi sanyi a kan filafili.
Na ja huɗu, na saki shida,
na ce masa, zauna a goshin jirgi, Abbakura.

Muka haye.
Mai akuya ya tsaya yana mini gardamar canji.