Kuɗin Gidan Baba

Laraba Bagudu ya zo da igiyar awo,
ya ga tsagar bangon zaure, ya taɓe baki:
"Ginin ya gaji. Miliyan huɗu, da ƙyar."

Asabar sai ga Ɗantani daga banki.
Ya ɗaga kai ga azarar giginya,
ya ƙwanƙwasa ta da makullin mota:
"Yau a Jega wa zai yi maka irinta? Bakwai."

Tsagar ba ta ƙaru ba,
ko yayyafi ba a yi tsakaninsu ba.

Ni ina bakin rijiya,
inda igiyar gugan Inna ta ci gungume
shekara arba'in.
Na duba takardunsu biyu,
babu gurbin wannan.