Darasin Litinin

Kuran ya ɗauke tun la'asar.
Na jawo fitila kusa da tabarma,
makwabta suna rigimar layi a bakin famfo,
ni kuwa ina Ƙusɗanɗiniya,
shekara dubu baya,
ina shirya wa 'yan aji biyu darasin gobe:
yadda mutum ke zama malami a ƙasar Rum.

Nahawu tukuna, har kunne ya ƙoshi.
Sai balaga, a koya wa harshe rawa a gaban manya.
Mai sauran numfashi ya haura falsafa,
lissafi, tafiyar taurari.
Kujerun sama ba su da yawa,
kuma fada ce ke cewa wane ya zauna.

Na zaɓi ɗaya daga waɗanda ba su zauna ba.
Ban san sunansa ba, sai na raɗa masa Nikita.
Na ba shi ɗaki mai yoyo kusa da teku,
riga guda, tawada a gefen babban yatsa,
da abokin gaba a lungu na gaba
mai janye masa ɗalibai da sauƙin kuɗi.
Da rana yana gyara wa 'ya'yan manya jimla,
da dare yana kwafar littafin wani don ya ci gurasa.
Yana rubuta wa uban yaro wasiƙa,
kalma kamar zuma, kowace a mazauninta,
ma'anarta dai: wata huɗu ke nan, ranka ya daɗe.

Nikita, ni ma wata huɗu.
Ni ɗan kwantiragi ne a jami'a.
Mai gida na Birni ya daina amsa mini sallama da kyau,
mai shago a Kasuwar Dole ya buɗe mini shafi na uku.
Jiya Laminu, wanda na koya wa riƙon alƙalami,
ya wuce ni a farar motar ma'aikata.
Ya ɗaga hannu, ba laifi.
Kai ma naka sun zama magatakarda, na sani,
sun sa alharini, sun manta hanyar ɗakinka.

To me ya hana mu bari?
Na tambayi duwatsun nan da suka tsugunna a bayan gari,
ba su taɓa ba kowa amsa ba.

Da safe kabu-kabu ya sauke ni da saura minti biyar.
Na zana teku a allo, na zana ganuwa,
alli ya karye sau biyu.
Na yi magana har maƙogwaro ya bushe.
Can baya Rakiyatu ta ɗaga hannu,
ita da ba ta taɓa tambaya ba:
Mushe, daga ƙarshe an biya shi?

Na ce irin wasiƙarsa ce ke isowa gare mu,
amsar ba ta cika isowa ba.
Ajin ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.
Ta sunkuya tana rubutawa,
na tsaya da guntun alli a hannu
ina jira ta gama.